Zanen Malam Ɗan'azumi a Bayan Takarda

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin mai shara ta gama da baranda, Malam Ɗan'azumi ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya buɗe ɗakin gwajin jini na asibitinmu a Birnin Kudu. Farar rigarsa ta daɗe da koɗewa, biro kuma kullum a bayan kunne, shi kuwa yana ta lalube a aljihu yana zargin mutane da ɗauke masa. Aikinsa bai wuce ya ɗebi jini ya rubuta sakamako ba. Amma ba ya iya miƙa takarda sai ya juya bayanta ya yi zane, shi ya sa layinsa ya fi na kowa tsawo. Watan jiya ya yi ritaya, kuma har yau idan na wuce tagar da yake miƙa sakamako sai kewa ta kama ni.

Cikin waɗanda suka san darajarsa akwai Bappa, makiyayi daga Farin Dutse, wanda likita ya ɗora kan maganin ciwon hanta, ƙwaya ɗaya kullum. Da gwaji ya nuna cutar ta yi ƙasa a jininsa, sai Bappa ya ɗauke ƙafa. Malam ya jira wata biyu, sannan ya hau babur ranar kasuwa ya same shi a cikin shanu a Gwaram.

"Ai na warke, Malam," in ji Bappa. "Saniya ma idan ta miƙe, ba a ci gaba da yi mata allura."

Malam bai yi faɗa ba. Ya tsuguna, ya zana da'ira a bayan takardar gwajin, ya ɗiga baƙi a tsakiyarta.

"Wannan ƙwayar halittar hantarka ce. Wannan ɗigon kuma irin cutar ne, ta ɓoye shi can ciki kamar garwashi. Jikinka yana ƙoƙarin rufe shi da toka. Amma cutar tana ƙera wani ɗan furotin, masana suna ce masa X, aikinsa share tokar don garwashin ya ci gaba da ci."

"To maganin fa?"

"Yana hana wutar kama itace ne kawai, bai kashe garwashin ba. Ka daina sha, ta tashi, hantar ta ƙone. Kai kuwa hanta ɗaya gare ka."

Bappa ya daɗe yana kallon ɗigon. Washegari ya riga mai shara zuwa asibiti.

Kai ne, Malam, mai ganin abin da ido ba ya gani, ka kuma faɗa mana shi da Hausar gida. Ba ka taɓa tsayawa a gaban taro ba, amma ka karantar da mu ɗaya bayan ɗaya ta taga.

Ranar walimar bankwana, shekara goma sha ɗaya bayan wancan tsugunon, Bappa ya zo da furfura a gemu. Ya ciro takarda daga cikin hularsa, ta yi laushi don ninki, ya buɗe a gaban kowa.

"Garwashin yana nan, Malam," ya ce. "Ni ma ina nan."

Malam ya hau laluben biro a aljihu don kada a ga idonsa.

Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan da kuka gaji ɗakin da sababbin injuna, kafin ku miƙa wa mutum sakamakonsa, ku juya takardar. Bayanta fili ne.