Jan Macijin Masahudu

Masahudu mutumin Bakori ne. A ɗakinmu na 'yan ci-rani da ke bayan Asian Town, a nan ƙasar Larabawa, Gardi muke kiransa, don aikinsa ciyar da macizai a wani shagon dabbobi a unguwar Al-Sadd. Ba ya fushi, sai dai ya yi dariya ya miƙo hannu a gaisa, kowa ya noƙe.

Macizan masara ake ce musu, daga Amurka aka kawo su, ba su da dafi. Shi ya gaya mana cewa a dajinsu kowanne launin inda ya tashi yake ɗauka: na jar ƙasa ja, na cikin busasshen ganye toka-toka, don kada tsuntsu ya hango shi. Masu saye kuwa farare da rawaya suke so. Akwai wani ja mai zanen ƙasa-ƙasa da ya daɗe babu mai tayawa. Masahudu ya ce in ya dube shi, gonar babansa yake gani bayan ruwan fari.

Wata rana kafil ɗinsa, wato ubangidansa mai shagon, ya ce yana buƙatar kejin, khalas, magana ta ƙare, a kashe jan. Masahudu ya kasa cin abinci. A gidansu ba a kashe macijin rumbu, tunda shi ke maganin ɓera. Buhu ake sa shi a kai daji a sake shi.

Da safiyar Juma'a ya sako jan a buhu, ya roƙe ni in kai shi bayan gari a mota. Na yi mita har na gaji, amma na kai shi. Ya yi bisimilla ya kwance buhun.

Ƙasar fara fat, ba ciyawa, ba ganye. Macijin ya fito kamar manja a farar riga. Na ga fuskar Masahudu ta sauya, ya bi shi da gudu zai mayar da shi buhu. Macijin ya tsorata ya miƙe cikin fili. Shaho ya riga Masahudu, ya sure shi.

Masahudu ya daɗe a tsaye. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

A mota ya ce, "Yaya, da bakina na gaya muku ba ko'ina suke ɓuya ba."

Har yau yana shagon. Buhun na ninke a ƙarƙashin katifarsa, kuma babu wanda ya ƙara kiransa Gardi.