Mutumin da Iya Ta Bari a Rijiya

Kakarmu, Iya Gambo, gwana ce wajen tatsuniya, sai dai barci ya fi ƙarfinta. A ƙauyenmu, can wajen Guci, idan sanyi ya shigo, ana gama cin tuwo sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta jawo ƙwaryar gyaɗa. Wanda ba zai ɓare gyaɗa ba, ya tattara kunnuwansa ya tafi.

Wata rana ta kawo mana labarin Tanko marowaci. Gugansa ya faɗa rijiya. Ya ƙi kiran kowa, don kada gobe a zo aro, ya ɗaura igiya ya sauka shi kaɗai. Yana tsakiya sai ya hango kumurci a ƙasa ya fasa kai. Ya ɗaga ido, ga kura a bakin rijiya tana lashe baki. Igiya kuma ta fara tsinkewa.

"Sai Tanko ya ce..." in ji Iya. Muka matso. Sai munshari.

Ƙanwata Hadiza ta yi ta girgiza ta, ko gezau. Washegari Hadiza ta ƙi shan koko, wai ba ta sa komai a baki alhali bawan Allah yana reto a igiya. Da aka aike mu ɗiban ruwa, sai da ta leƙa rijiya ta yi sallama.

Da muka sake taruwa, Iya ta gyara zama, ta kama labarin wata akuya.

"Iya, Tanko fa?" in ji Hadiza.

"Wane Tanko?"

"Wanda kika bari a rijiya!"

"Au, har yanzu bai fito ba? Lallai rago ne. To, ke da kika damu da shi, fito da shi mana."

Hadiza ta share hawaye, ta ce kura ce ta zame ta faɗa kan macijin. Ni kuwa na ce sojoji ne suka zo da mota. Iya ta harare ni. "Maigidana, a wannan rairayin namu da jaki ke haki, ta ina mota za ta biyo?" Ta karɓi ta Hadiza, ta ƙara da cewa da Tanko ya fito, ko godiya bai yi ba, gugansa ya fara tambaya. Ranar sai da Hadiza ta koma kan tuwon da ta ƙi ci, ta ci har da ƙari.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Magarya. A hutun bana na karanta littattafai biyu. Na farko na tarihi ne, yaƙe-yaƙen zamanin da. Ya yi daɗi, sai dai marubucin ya kashe kowa, har da wani doki da ba ruwansa. Na biyu na zamani ne: wata malamar asibiti tana tsaye a tasha, ko ta shiga motar Yamai ta kama aiki, ko ta koma jinyar mahaifinta. Na juya shafi, sai bango. Har zazzage littafin na yi, ko wata takarda za ta faɗo.

Na ji haushi ƙwarai. Amma mayaƙan nan tuni na manta sunayensu, ita kuwa malamar har a salla takan faɗo mini. Sai na fara tunanin ashe labarin da aka bar maka a buɗe shi ke zama naka, kuma Iya ta san haka.

Na kira Hadiza a Dungas, inda take aure, na zayyana mata wannan hikima ta Iya. Ta yi dariya har da tari.

"Yaya, wace hikima? Tsohuwa ta wuni tana sussuka, barci ne kawai! Shi ma mai littafin naka a bincika, gyangyaɗi ya yi. Ka ba ɗan kabu-kabu littafin ya kawo mini ran kasuwa, ni zan sa malamar a mota."