Bindigar da Verna Shoop ta saya wa jikarta

Duk wanda ya taɓa harbin barewa a kwarinmu na tsaunukan Pennsylvania ya san rumfar Verna Shoop. Rumfar tana bayan gidanta, inda kwalta ta ƙare aka shiga hanyar tsakuwa. Daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu ba ka rasa motocin a-kori-kura jere a bakinta, ƙafafun barewa na leƙowa ta baya. Ita ke feɗewa, ta yayyanka, ta niƙa na niƙawa, ta ɗura a hanji ta kyafe. Da mijinta Wilmer suka fara sana'ar tun kansu bai fara furfura ba. Da ya rasu mutane suka ɗauka za ta rufe, sai ta sayi injin ɗaga kaya ta ci gaba ita kaɗai.

Verna ba ta taɓa harba bindiga ba, amma ba ta ganin maharba da gashi. Abin da suke kawo mata ne ya zubar da su a idonta. Wani ya harbi dabba a ciki, kashi ya watsu cikin nama, ya zo yana washe baki. Wani ya ɗaure barewa a mota ya yi ta zaga gari da ita daga wannan mashaya zuwa waccan don a gani, sai ta kumbura ta fara tsami sannan ya tuna da Verna. Takan tsaya da wuƙa a hannu ta yatsine fuska ta ce, "Wannan ko karena ba zai shinshina ba. Kwashe mushenka ka ba ni wuri." Ana tsoron bakinta, amma ana dawowa, don ba mai kyafa nama kamarta.

Lokacin da ta fi tsana shi ne makonnin bayan Kirsimeti, sa'ad da doka ta ce ba a farauta sai da bindiga irin ta kakanni, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, dutsen ƙyastu ya ba ta wuta. Harbi ɗaya gare ka. Yawancin mazan kwarin ba sa taɓa tasu sai ana gobe za a fita, saboda haka rabin abin da suka harba a daji yake ruɓewa da dalma a cinya.

Shi ya sa ranta ya ɓaci ranar da jikarta Tessa, 'yar shekara goma sha huɗu, ta same ta tana wasa wuƙa ta ce, "Kaka, bana da ni za a yi farautar bayan Kirsimeti."

"Da ke da wa? Ke da ko tukunyar miya ba kya iya saukewa?"

"Na ci jarrabawar lasisi, tsohuwa. Ke ko ƙofar ajin ba ki sani ba."

"Sai ki je ki harbe su da takardar."

"Baba ya ce zai ba ni bindigar Kaka Wilmer."

Verna ta dakata da wasa wuƙar. Curtis, uban Tessa, shi ne ɗanta tilo, kuma tun ranar jana'iza ya ɗauke bindigar ubansa, ya ce zai riƙe ta kamar ransa. Curtis mutum ne mai faɗin ƙirji da yawan baki, dillalin kwanon rufi, wanda bai taɓa gama abin da ya fara ba. Ta sa rigar sanyinta ta ce wa yarinyar, "Mu je in gani da idona."

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Curtis suka sami bindigar, jingine bayan injin wanki, inda ruwa ke tsattsafowa duk bazara. Katakon ya yi funfuna. Zanzaro ya gina ɗaki a bakinta. Da Curtis ya tsokale ƙasar da ƙusa, wani baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya ɗigo masa a takalmi. Ashe tun shekarar da ya karɓe ta ya harba, ya ajiye bai wanke ba, gishirin albarushi ya cinye cikin bututun ƙaf.

"Ɗan mai kawai take so, Mama," in ji shi.

Verna ta tuna yadda Wilmer ya haɗa bindigar nan da hannunsa a teburin cin abincinsu, hunturu guda yana gogar katako, tana masifar ƙura.

"Wannan za ka sa 'yarka ta kara a kumatunta? Tir da halinka, Curtis. Ko ni da ban san bindiga ba na san ruɓaɓɓen abu in na gan shi."

Haka maganar sayen sabuwa ta taso. Curtis ya ce kasuwa ta tsaya masa bana. Verna ta ce ita za ta saya, amma aljihunta bai kai na mai tsada ba.

Ranar Asabar suka tafi su uku babban kantin kayan farauta na bakin babbar hanya. Verna tana shiga ta ji ta tsani wurin. Kawunan dabbobi cike da bango, kiɗa na tashi, ana sayar da fitsarin barewa na jawo 'yan uwanta a kwalba kusa da alewa. Wani saurayi mai tauna cingam ya kalli Tessa sau ɗaya, ya ɗauko wata bindiga mai gindin roba, an yi mata fenti ruwan hoda.

"Wannan 'yan mata ke rububi," ya ce.

"Ka taɓa harba ta?" Verna ta tambaye shi.

"A'a, Mama, ni sashen takalma nake, yau ne aka turo ni nan."

Tessa ta juya bindigar ta ga ɗinkin roba ya fito zaƙo-zaƙo a gefe kamar na bokiti. Ta ajiye ta goge hannu a wando. Ba su ƙara minti biyar a wurin ba.

Daga nan suka hau tudu zuwa shagon Harlan Zook, wani dattijo gurgu da ke sayar da bindigogin ɗuri a tsohon garken shanunsa. Babu ko ɗaya ta zamanin da ta gaske a cikinsu, duk kwaikwayo ne, ana ƙero su daga Italiya da Sifen. Curtis yana shiga ya nufi wata doguwa mai adon tagulla, tsawonta ya kusa kai haɓarsa.

"Ga taki nan, Tessa! Kin ga bindiga ko?"

Yarinyar ta ɗaga ta da ƙyar. Bakin ya yi ta rawa yana zana da'ira a iska, yatsanta ko kunamar bai kai ba.

"Ta yi mini nauyi, Baba."

"Za ki girma ki same ta."

Ya karɓe ya ɗora a kafaɗarsa, ya juya wajen gilashin taga yana kallon kansa, ya ƙanƙance ido ɗaya. Ta zauna masa daram kamar an auna. Ya matso kusa da uwarsa ya yi ƙasa da murya. "Mama, ki duba fa. Kin san yara, mako ɗaya sanyi zai kore ta. Kin ga sai in ɗauka, bindigar ba ta tashi a banza ba. Ga katinta kuma, barewa ɗaya ke nan ƙari a gida."

Kowane maharbi kati ɗaya ake ba shi, ya ɗaura a kunnen barewar da ya harba da hannunsa. Verna ta dube shi daga hula har takalmi kamar yadda take duban naman da ya kwana a rana. Ta juya wajen mai shago.

"Harlan, ban san komai a harkar nan ba. Ina son wadda yarinyar nan za ta iya riƙewa ta ƙirga goma hannunta bai yi rawa ba, wadda in an ja za ta tashi, kuma wadda ba za ta sa in sayar da injin niƙana ba. Kwalliya ba ta dame ni ba."

Harlan ya ɗingisa zuwa baya ya dawo da wata gajera, baƙa wuluk, ba ado ko ɗigo, da tabon ƙonewa a gindinta. Ya ce wani ne ya saya wa ɗansa, ɗan ya yi tsawo ya bar ta. Ya jefa 'yar fitila cikin bututun ya miƙa wa Verna, ta leƙa ta ga cikin yana sheƙi tas. Ya ɗana dutsen ya ja kunama, tartsatsi ya zubo cikin ɗan kaskon albarushi kamar an watsa gero. Tessa ta ɗora a kafaɗa ta auna wani ƙusa a bango. Bakin ya tsaya cak.

"Mummuna ce dai," in ji Curtis.

"Ba aurenta za ta yi ba," in ji Verna, ta buɗe jaka.

Duk watan Nuwamba Tessa tana zuwa wurin Harlan ranar Asabar yana koya mata. Da farko in wuta ta tashi a kaskon dab da idonta sai ta runtse ta zabura, dalmar ta tafi sama. Sannu a hankali ta daina. Ta fara huda farantin takarda a bayan rumfar Verna, in ta gama ta shigo da bututun ta wanke da ruwan zafi da sabulu a wurin wanke-wanke, gidan ya ɗume da wari. Verna ta yi ta tsaki tana buɗe tagogi cikin sanyi, amma ba ta taɓa cewa ta fita da shi ba.

Doka ta ce yarinya kamar Tessa ba ta shiga daji sai da babba, don haka washegarin Kirsimeti Curtis ne ya tafi da ita. Da la'asar motarsa ta tsaya a bakin rumfa. Ya diro yana ɗaga murya.

"Mama, fito ki ga aikin jikarki! Ranar farko!"

Verna ta fito tana goge hannu. Barewa ce mace, katin Tessa a kunnenta. Tun kafin ta ƙarasa ta ji warin. Harbin ya shiga ta cinyar baya ya fasa tumbi, koren ruwa ya ɓata haƙarƙari duka. Akwai wani rami kuma a bayan kunne. Tessa tana zaune a mota ba ta fito ba. Verna ta buɗe ƙofar ta ga idanun yarinyar sun yi jawur.

"Ba ni ba ce, Kaka."

"Tessa!" Curtis ya daka mata tsawa.

"Kai, rufe mini baki. Faɗa mini, 'yar nan."

Ta faɗa mata. Barewa uku ne suka ɓullo can nesa a guje. Uban ya ce ta harba, ta ce sun yi nisa, Harlan ya hana ta harbin dabba tana gudu. Sai ya fizge bindigar daga hannunta, don ta aron da ya riƙo dutsenta ya dakushe, ya ɗirka wa ɗaya. Suka yi ta bin jini a kan dusar ƙanƙara tun hantsi har rana ta karkata. Suka same ta kwance cikin ƙaya tana jan ƙafafun baya, tana kuka kamar ɗan akuya. Curtis ya zo sake ɗuri, ya zubar da albarushin a ƙasa. Tessa ce ta karɓa ta ɗura, ta matsa kusa ta ƙarasa ta. Shi kuma ya zaro katinta ya ɗaura, ya ce ai ita ta kashe, nasa yana nan a aljihu don gobe.

Verna ta dubi ɗanta. Ita ta haife shi, ita ta yi masa wanka a bahon da yanzu take jiƙa hanji a ciki, amma a lokacin ji ta yi ko rigarsa ba ta son ta taɓa ta.

"Ba ni katinka."

"Haba Mama, a gaban yarinya?"

"A gabanta ka yi. Miƙo."

Ya miƙa. Ta buɗe murhun kyafa nama ta jefa a wuta. Sannan ta cire gyauton aikinta na roba ta wurga masa a ƙirji, ta ɗora wuƙa a kai.

"Ba zan sa hannuna a ƙazantarka ba, kuma ba za a zubar da dabbar nan ba bayan wahalar da ta sha. Rataye ta. Duk inda kashi ya taɓa ka yanke, sauran ka wanke. Ina tsaye."

Ya fara. Da ya zura hannu cikin tumbin sai ya ruga waje ya yi ta kelaya amai a gindin katanga. Ta jira ya gama, ta nuna masa wuƙar da haɓa. Sai da magariba ta yi ya kammala, naman da ya tsira bai cika ƙaramin kwali ba.

Ranar sabuwar shekara ta dafa naman alade da kabeji mai tsami kamar kullum. Curtis ya zo, ta zuba masa, ba ta yi masa magana ba. Haka suka kai har bikin Ista. Tessa kuwa ta wanke bindigar a daren farautar, ta shafa mata mai, ta tura ƙarƙashin gadon kakarta, ba ta sake tambayarta ba sai da damina ta wuce.

Shekarar da ta biyo Harlan ne ya raka ta, yana ɗingishi da sandarsa. Suka yi ta fita suna dawowa hannu rabbana, har ana saura kaɗan a rufe farauta ta harbi wata ƙaramar barewa a bayan kafaɗa, ta faɗi inda take tsaye. Verna ta feɗe ta tana mitar ƙanƙantarta, amma ta ware naman gadon baya ta soya musu da man shanu su biyu.

Yanzu yatsun Verna sun kumbura, ta rage karɓar aiki, sai na mutanen da ta ga dama. Curtis ya bar farauta ya sayi kwalekwale, yana nan a ƙofar gidansa ruwan sama ya cika shi. Kwanan baya wani maharbi da ya kawo mata nama yake ba ta labari cewa ya ji Curtis a mashaya yana faɗa wa jama'a shi ya zaɓa wa 'yarsa bindiga, shi ya koya mata harbi tun tana ƙarama. Verna ta juya ta tofar da yawu a kwatar jini, ta ce wa mutumin ya ɗaga mata ƙafar bayan barewar, ta ci gaba da fiɗa.