Mutumin da Yake Duba Buroshi Kafin Ya Duba Baki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 9 ga watan Satumba, babbar 'yarka ta kira ni ta ce ka cika, Baba, bayan jinyar kwana shida.

Shekara ashirin da biyu kana wanke wa mutane haƙora a asibitinmu, ni kuwa ina teburin bakin ƙofa ina rubuta sunaye. Ba mai hawa kujerarka sai ya zo da buroshinsa daga gida, har muka laƙaba maka Baba Kawo-Buroshi. In ka ga gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, sai ka ce, "'Yata, haƙori kike wankewa ko gindin tukunya?" A yi dariya, sannan ka kama hannun mutum ka nuna masa yadda ake yi a hankali.

Muna nan lafiya sai ɗan mai asibiti ya karɓi ragama, mutumin da bai san haƙorin fiƙa ba bare na turmi, sai iya ɗaura agogo da kaɗa makullin mota. Ya cika kabad ɗin gilashi da buroshi mai lantarki, kowanne an haɗa shi da gwangwanin wata hoda mai kaushi kamar yashi, wai tana sa haƙora su yi fari. Ya ce mu riƙa gaya wa mutane su danna da ƙarfi, sau uku a rana. Muka ce to, mu da likitocin da ke rataye takardun shaidarsu a bango. Tir da mu.

Kai kaɗai ka ƙi. Ka ce masa a gabanmu, "Buroshin ba shi da laifi, ɗora shi ake yi ya yi aikinsa. Amma in ka danna shi da wannan hodar, farin ɓawon haƙori kake kankarewa, kuma ba ya sake tsirowa." Haka ka gaya wa duk wanda ya zauna a kujerarka. Wata biyu aka miƙa maka takardar sallama, wai ka yi sakaci ka raunata wata mata a dasashi. Ka ninke ta ka sa a aljihu, ka yi mini sai an jima.

Jiya ɗan mai asibitin ya zo gidanka gaisuwa, turare na tashi, yana ce wa jama'a kai ne ginshiƙin asibiti. Ko kunya! Aka ba shi ruwan sanyi, kurɓa ɗaya ya yi ya dafe kunci, ashe hodarsa ta kankare nasa haƙoran. Ban tausaya masa ba.

Bayan ya fita 'yarka ta ja ni gefe. Ta tsinci takardar sallamar a durowarka, ashe ba ka taɓa nuna wa kowa ba. Ta ce, "Anti, da gaske Baba ya ji wa wata ciwo?" Na kau da kai, kamar yadda na saba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka huɗu, Allah Ya ba ku haƙuri. Ga amsar da na kasa ba ki jiya, 'yata: ba a taɓa yin matar nan ba. Ɗan mai asibitin ne ya ƙirƙiro ta, ni na buga takardar da hannuna, don ina tsoron rasa teburina. Yanzu in ya ga dama ya zo ya ɗauki teburin.