Ungozomar Mahdiya a Mashigin Bonifasiyo

Shekara talatin da shida Naziha Bin Salim ta yi tana karɓar haihuwa a garin Mahdiya na ƙasar Tunisiya, kuma rabin masuntan da ke sauke kifi a tashar garin a hannunta suka faɗo duniya. Gajeriya ce mai kaurin hannu, ba ta iya lallashi ba. In mai naƙuda ta cika kuka sai ta ce mata ta adana numfashin, akwai inda za a buƙace shi. Mata suna tsoronta, amma da ciwo ya taso ita ake nema. Tun da ta mallaki waya ba ta taɓa kashe ta ba, ko ranar da aka kai mahaifinta makwanci.

Mijinta, Si Munsif, tela ne. Shekara arba'in yana ɗinki a shagon da ke kallon teku, yana cewa wata rana shi ma sai ya hau ɗaya daga cikin manyan jiragen nan na shaƙatawa. Da ya rufe shago ya ajiye almakashi, sai ya nema musu biza, ya kama ɗaki a jirgin da zai tashi daga tashar Halƙul Wadi ya zaga Italiya da Sifen cikin kwana bakwai. Naziha ta ce ba inda za ta, domin 'yarsu tilo, Wi'am, tana da cikin fari wata bakwai. Wi'am ɗin ce ta yi ta roƙo, ta ce saura wata biyu cur, ga kuma uwar mijinta tana kwana wajenta tunda shi mijin yana aiki can garin Safaƙus. Naziha ta duba ta da hannunta har sau biyu, ba ta ga abin tsoro ba, sannan ta yarda.

Ita uwar mijin, Lalla Jalila, tsohuwar malamar Faransanci ce, mai yawan ƙyama, ko kaza ake yankawa sai ta bar gidan. Tsakaninta da Naziha gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaitsaye.

Ana gobe tafiya Wi'am ta karɓi wayar uwarta ta sa mata sabon layi, irin wanda ba a zura kati, hoton wasu ɗigo-ɗigo kawai wayar ta kalla layin ya shiga. Ta kashe mata layin Tunisiya don kada ya cinye kuɗi a waje. Ta yi mata bayani dalla-dalla: wannan layin na data ne, zai kama a Italiya da Faransa da Sifen, amma sai jirgi yana tasha ko kusa da tudu. A tsakiyar teku babu komai, sai dai a sayi intanet ɗin jirgi. Si Munsif ya ce ba za a saya ba, ai hutun kenan.

Kwana uku komai lafiya. A Falarmo da Nafoli na Italiya wayar ta kama, suka yi magana da Wi'am, Naziha ta kushe kuskus ɗin jirgin ta ce ko mage ba za ta ci ba. Rana ta huɗu ita ce ba a tsayawa ko'ina. Da hantsi suna zaune a bene na goma sha ɗaya, aka sanar da lasifika cewa jirgi zai ratsa mashigin Bonifasiyo, tsibiri a dama tsibiri a hagu, masu son hoto su fito. Fararen duwatsu suka bayyana daga nesa. Sai wayar da ta yi shiru tun jiya ta fara kaɗawa a jakarta, sau ɗaya, sau biyu, har ta daina ƙirgawa.

Kira goma sha ɗaya daga Wi'am, da saƙon murya guda. Naziha ta kara a kunne. Muryar ba ta 'yarta ba ce, ta Lalla Jalila ce, tana rawa: faya ta fashe, ciwo yana zuwa ba hutu, an kira motar asibiti amma an ce tana wani ƙauye, kuma gidan yana can cikin gonakin zaitun bayan garin Rajish. An yi minti ashirin da turo saƙon.

Ta ce wa Si Munsif ya sauka ya sayi intanet ɗin nan yanzu. Ya tafi da gudun da bai yi ba tun yana saurayi. Ita kuwa ta ture masu ɗaukar hoto ta isa bakin ƙarfe, ta danna kira. Sandar sabis biyu ce a fuskar wayar. Hoto ya ƙi fitowa, ta koma murya zalla.

Lalla Jalila ta ɗauka tana kuka. Can bayanta Naziha ta ji nishin 'yarta, kuma daga jin nishin ta san ba motar da za ta iso kafin haihuwa.

"Lalla Jalila, ki saurare ni. Layin nan ba zai daɗe ba. Wanke hannunki, ki kawo tawul biyu masu tsabta, ki ajiye wayar kusa da kan Wi'am. Ki duba ki faɗa mini abin da kika gani."

"Ba zan iya ba, Naziha. Wallahi faɗuwa zan yi."

"Ki faɗi anjima. Yanzu jikanki ne a bakin ƙofa. Me kika gani?"

Sai Jalila ta ce ta ga gashi.

Naziha ta toshe ɗayan kunnen da yatsa saboda iska. Ta ce wa Wi'am kada ta yi yunƙuri da ƙarfi, ta riƙa huci kamar mai hura shayi. Ta ce wa Jalila ta tare kan jaririn da tafin hannu, kada ta ja, ta laluba wuya ko cibiya ta naɗe. Ta naɗe, zagaye ɗaya. Ta ce ta zura yatsa biyu ta zame ta ta saman kai a hankali. Tana magana tana kallon duwatsun nan suna wucewa, wani gari a kan tsauni ya zo daidai da su, ya koma baya. Sandar ta zama ɗaya. Wata Baturiya ta taɓa kafaɗarta tana miƙa mata kyamara, ta ga fuskarta, ta janye.

Sai Wi'am ta yi ƙara guda, sannan muryar Jalila ta dawo.

"Ta fito. Mace ce, 'yar mitsitsiya. Naziha, ba ta kuka. Ba ta motsi."

"Ɗauki tawul ki goge bayanta da ƙarfi, kamar kina wanke tukunya. Share mata baki da hanci. Kada ki yanke cibiya. In ba ta numfasa ba, sa bakinki a kan bakinta da hancinta ki hura kaɗan, iskar kumatunki kawai, sau biyar. Kina ji na?"

Ta ji Jalila ta ce tana gogewa. Ta ji ta fara ƙirga da Faransanci, ɗaya, biyu. A na uku muryar ta tsinke. Naziha ta duba wayar, ba sanda ko ɗaya. Ta ruga har ƙarshen jirgin ta baya inda tudu ya fi kusa, ta ɗaga wayar sama, ta sake kira, ta sake. Tsibiran biyu sun riga sun zama hayaƙi-hayaƙi.

Si Munsif ya dawo bayan kusan rabin awa, jiƙe da gumi. Ya tarar da layin mutane a teburin sayar da intanet, sannan ma'aikacin sai da ya yi ta fama kafin ya gane abin da yake nufi. Ya sami Naziha zaune a ƙasa, ta jingina da ƙarfe, takalmi ɗaya ya fita. Matar da ta karɓi haihuwa dubbai ta kasa shigar da lambobin da ke jikin takardar intanet ɗin, shi ne ya shigar da hannun tela, ɗaya bayan ɗaya.

Saƙon murya ne ya fara shigowa, na daƙiƙa tara. Ba magana a ciki, sai wani siririn kuka kamar na ɗan tsako, da muryar namiji yana cewa a kawo bargo, alamar motar asibiti ta iso. Naziha ta saurara sau uku. Sannan ta ce wa mijinta kukan ya yi rauni, amma huhun yana aiki. Sai a lokacin ta rufe fuska da mayafi.

Bakwainin ta yi kwana ashirin da shida a kwalba. Naziha ta so hawa jirgin sama daga Barsalona, likitan asibitin ya ce mata ta waya ko ta zo ba za a bari ta taɓa jaririyar ba, don haka ta ƙarasa tafiyar ba tare da ta san abin da ta gani a sauran garuruwan ba. Ranar da suka sauka ta zarce asibiti da jakunkunanta. A baranda ta tarar da Lalla Jalila, wadda aka ce ta suma bayan motar ta tafi, har ta fasa goshi a bakin gado. Naziha ta kama haɓarta ta juya fuskar wajen haske, ta duba ɗinkin, ta ce wanda ya yi shi bai iya ba. Daga nan ta zauna kusa da ita a benci, suka fara gardamar wadda za ta dama zirir, haɗin riɗi da zuma na mai jego.