Furannin da Suka Iso Bayan Jana'iza

Jiya ƙamshin soyayyen agade ya tare ni a titin Erdington, nan ƙasar Turawa, sai Hajiya ta faɗo mini a rai.

'Yar Kumasi ce. Duk Asabar tare muke raba wa masu ƙaramin ƙarfi abinci a zauren unguwa, yawancinsu baƙi daga Kolombiya. Ba ta jin yarensu, su kuma Turancinsu bai nuna ba. Sai ta ɗaga agade ta kaɗa, matan su yi dariya su miƙo jaka.

Na ce, "Hajiya, mu nemo tafinta mana."

Ta ce, "Ɗiyata, yunwa ba ta neman tafinta."

Da ta rasu, washegari aka kai ta makwancinta. A tsakaninmu kawai sanarwa ta zaga, ba wanda ya tuna da matan nan na Kolombiya. Ashe sun ji labarin rasuwar; ranar Asabar sai ga su cikin baƙaƙen kaya, rungume da furanni, sun ɗauka jana'iza tana gaba. Babbarsu ta dubi fuskata, ta gane, ta ajiye furannin a kujerar Hajiya.

Har yau abin yana ci mini rai. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sa abin da ta ciyar ya tarye ta.