Motar Masu Zama

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har fuskokin waɗanda muka yi shekaru a ofis ɗaya sun ɓace mini. Amma ranar da na kai sabuwar motata ƙauyenmu, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Yanzu tsufa ya zo, ba ni da sauran kunyar da zan ɓoye, don haka bari in faɗa yadda aka yi.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tattara su tafi. Ina akawu a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, a Kazaure, ga riga mai guga, ga alƙalami a aljihu, ina jin duniya tawa ce. Mahaifina kuwa yana ƙauyenmu a ƙasar Gwiwa. Dogon mutum ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Tun damina ciwon ciki ya kwantar da shi, da kaka ta yi cikin ya kumbura har zama na yi masa wuya, sai an tokare shi da matashi. Yayana ya aiko mini da takarda ta hannun wani ɗan kasuwa, ya ce maganin gida ya gaza, sai a gwada asibitin Kano. To, da me za a kai shi? Doki ko jaki babu magana. Aka ce a ɗauko shi a kan gado zuwa bakin babbar hanya, ya ce shi ba mai ɗaukarsa a kafaɗa yana da rai. Da ma na daɗe ina tanadin sayen mota, na kuma koyi tuƙi wurin direban En'e. Sai na aika wa Yaya cewa a gaya wa Baba ya ƙara haƙuri, ni da kaina zan zo in ɗauke shi a ƙofar gida.

Ran Litinin na shiga Kano, na nufi kantin wani kamfani da ke sayar da motoci. Akawun wurin wani mutum ne mai zaƙin baki, ya nuna mini guda biyu. Ɗaya kitika ce, wato irin mai fili a baya wanda har tabarma za ka shimfiɗa, launinta kamar toka. Ɗayar kuwa 'yar ƙarama ce shuɗiya mai ƙofa biyu, tana walƙiya, irin wadda Baturen makaranta yake hawa. Wallahi kitikar na je saya. Amma da na tsaya kusa da ita, sai mutumin nan ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce ai wannan ta 'yan tireda ce masu ɗaukar gyaɗa, ni kuwa ma'aikaci ne, bai kamata a gan ni a ciki ba. Shi ke nan, kaina ya fasu. Na leƙa kujerar bayan ƙaramar, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, na ga sarai Baba ba zai miƙe a ciki ba. Sai na ce wa raina ai tafiyar ba ta da nisa, zai daure ya zauna. Ka ji wauta. Na karɓi makulli na fito ina hura hanci.

Da a ce daga Kano gida na wuce, da labarin ya canza. Ina! Na tsaya Kazaure wai sai na kai ta manya sun sa albarka. Wannan ya ce a zaga da shi, wancan ya ce a kai shi gaisuwa, mata suna leƙowa ta katanga, ni kuma ina ta goge gilashi da hannun riga. Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Kullum in na tuna Baba sai in ce gobe da sassafe. Ban bar Kazaure ba sai ran Alhamis, shi ma sai da hantsi ya ɗaga sosai.

Rana ta take tsaka lokacin da na shiga tsakanin duwatsun nan na hanyar Roni. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, babu mutum, babu dabba, ko kukan tsuntsu ban ji ba. Can sai na hango wani tsoho tsaye a gefen hanya, riƙe da dogon karan dawa. Bai ɗaga hannu ba, bai yi alamar yana neman a rage masa hanya ba. Har yau ban san abin da ya sa na taka birki ba. Na yi masa sallama ya amsa, na ce ya shigo. Abin da ya fara ba ni mamaki, duk mutanen Kazaure sai na nuna musu yadda ake kwantar da kujerar gaba a shiga baya, amma tsohon nan da yatsa ɗaya ya tura ta ya shige abinsa. Sai karan ya ƙi shiga. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, daga ƙarshe ya zura kansa ta tagar gefena, ya zama karan yana gogar kunnena. Motar da ke ƙanshin sabunta kuwa nan da nan ta ɗauki warin danyar ƙasa, alhali rabon garin da ruwan sama an fi wata.

Muka yi tafiya bai ce uffan ba, bai kuma tambayi inda za ni ba. Shirun ya dame ni, sai na ce, "Malam, wannan kara fa? Ko sandar dogarawa ce?"

Ya ce, "Awo ne."

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san karan awo, shi ake gwada tsawon mamaci da shi a kai wa masu haƙa. Na yi ta maza na yi salati, na ce Allah ya jiƙan wanda ya rasu.

"Kada ka yi gaggawa, samari," in ji shi. "Da sauransa tukuna."

A ina aka taɓa auna mai rai? Na dubi tsinin karan da ke waje yana rawa cikin iska, na kuma tuna gindinsa yana can a kusurwar baya, sai zuciyata ta shiga lissafin tsawon da ban so ta lissafa ba. Tsohon ya ɗan bubbuga kujera da tafin hannu, ya yi magana a hankali kamar da kansa yake.

"Karan ma bai shiga ba, balle mai shi."

Bayan mun wuce Roni da ɗan nisa, wajen wani fako inda babu gida babu gona, ya ce in sauke shi. Ya zare karansa, ya fita, bai yi godiya ba, ni ma ban jira ba. Na ja mota na yi gaba. Akwai madubi a gabana, amma ban duba ba, kuma har gobe ina gode wa Allah da ban duba ba. Duk addu'ar da na sani na karanta ta, wata ma na haɗa ta da wata.

Da na shiga gari na kasa kunne ko zan ji kuka. Babu. Mutane suka yo ca a kan mota, na ratsa su na faɗa gida a guje, na tarar da Baba kwance idonsa biyu. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce ashe Akawu ya iso, da ma haka yake kirana in yana tsokanata. Wani sanyi ya ratsa ni, har na fara yi wa kaina dariya, na ce tsohon banza ya tsorata ni a wofi. Na ce a shirya shi yanzu-yanzu, kafin magariba muna Kano.

Mu huɗu muka tallafo shi da tabarmarsa zuwa ƙofar gida. Muka kwantar da kujerar gaba, muka shigar da kai da kafaɗu, amma daga gwiwa zuwa ƙasa duk suna waje. Aka ce a ɗan tashe shi zaune. Muna ɗaga shi ya saki wata ƙara wadda tun da aka haife ni ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, har Inna ta fito daga cikin gida babu mayafi. Aka gwada naɗe masa ƙafafu, cikin ya hana. Na ce a cire kujerar gaba gaba ɗaya. Na zazzage kayan aikin da aka haɗo ni da su, sifanar kwance taya ce kawai a ciki, ba ta kama ƙusoshin ba. Aka nemi maƙeri, aka ce yana cin kasuwa a wani gari. Na durƙusa ina murɗa ƙarfe da hannu har farcena ya fashe, ina gumi, ina kuka, jama'ar da suka zo kallon mota suna tsaye suna kallona.

Baba ne ya ce a bari haka. Muka fito da shi muka shimfiɗe shi a inuwar zaure, dab da motar. Ya huta, numfashinsa ya ɗan daidaita, sai ya miƙa dogon hannun nan nasa ya shafa ƙofarta.

"Ta yi kyau, Akawu. Allah ya tsare hanya," ya ce. "Sai dai ta masu zama ce."

Babu faɗa a muryarsa, ko kaɗan. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Yaya ya tura mai doki Kazaure ya roƙo babbar motar En'e, sannan ya ja ni gefe ya tambaye ni yaushe na sayo ta. Na so in yi ƙarya, harshena ya ƙi. Na ce Litinin. Sai ya ce ran Talata Baba ya tashi zaune da kansa ya sha kunu, har ya sa an fito masa da rigarsa ta tafiya, ya yini yana tambaya ko an ji ƙugin mota. Daga nan ya koma wurin Baba.

Bayan la'asar kaɗan Allah ya karɓi abinsa, mai dokin ma bai kai Kazaure ba. Daga baya na bi ƙauyukan hanyar nan ɗaya bayan ɗaya ina tambayar tsohon. Ba wanda ya san shi, kuma ban da ta Baba ba a yi wata rasuwa a yankin ba a ranar. Limamin garinmu ya ce in bar wa Allah saninsa, na kuwa bari.

Na san kwana in ya ƙare babu motar da za ta ƙara shi, kuma ban ce asibiti zai hana ba. Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba. Na ce don Baba zan sayi mota, na je na sayo don idon mutane, sannan na ba mutanen kwana uku daga cikin 'yan kwanakin da suka rage masa. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda iyayensa ke da rai: abin da za ka yi dominsu, ka yi shi daidai da bukatarsu, ba daidai da yabon da za a yi maka ba, kuma kada ka bari ya kwana. Duk waɗanda na zaga da su a Kazaure, babu ko ɗaya da ya ƙara tuna motar nan bayan wata guda. Wanda ya sa aka fito masa da riga yana jiranta kuwa, bai yi ko taku ɗaya a cikinta ba.